Kafin ka loda tanka, leƙa matatun mai

Ƙanena, tunda ka ce za ka shiga harkar mai a nan bakin iyaka, ga yadda nake yi kafin in saki kuɗina. Shekarata 11 da gidan mai a hanyar Jibiya, kuma na sha wuya kafin in gane cewa farashin da ke jikin famfona a matata ake yanke shi.

Fara da Legas. Matatar Ɗangote da ke Lekki an gina ta ne don tace ganga 650,000 a rana. Ta fara fitar da gas, wato man dizal, da man jirgi a Janairun 2024, fetur kuma a Satumba. Kafin nan, jiragen ruwa ne ke ɗauko mana fetur daga Beljiyam da Holan. Yanzu masu shigo da kaya da matatar gida suna kokawa kan kasuwa ɗaya, in wannan ya rage, dole wancan ya rage. Saboda haka kowace safiya ka kira mutuminka na defo, wato ma'ajiyar da ake loda wa tankoki mai, ka ji kuɗin lita. In ka ji ƙishin-ƙishin ragi, ka loda rabi. Na taɓa cika tanka a wani defo, tana hanya farashi ya faɗi. Direba ya iso da asuba, na tsaya riƙe da sandar awo ina lissafin asara tun ba a sauke ko lita ɗaya ba. Ranar ko karin kumallo ban iya yi ba.

Daga nan ka juya arewa. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take tacewa a rana. A da, man Najeriya mai tallafi ke cike giɓin Nijar, ana tsallakawa da shi a jarka bisa babura har Maraɗi. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ribar 'yan bumburutu ta ragu, jama'ar Nijar suka koma gidajen mai, nauyi ya hau kan SORAZ. A farkon 2025 an ga dogayen layuka a Yamai. Idan ka ji matatar can ta tsaya gyara, ka san masu saye za su yi yawa a wajenmu. Amma don Allah ka sayar a famfo da rasit, ka bar hanyar daji, kwastan ba sa wasa.

Kamaru ma ka riƙa sauraronta, domin tun da matatar Limbe ta yi gobara a 2019 suke sayen tataccen mai daga waje. Duk jirgin da ya tafi can, kaya ne da bai shigo defonmu ba.

Sai canji. Ka mayar da kuɗin litar Maraɗi daga sefa zuwa naira, ka ajiye kusa da naka a littafi. Ni duk ranar Lahadi nake yi, bayan an tashi daga kasuwar Jibiya.