Yadda za ka tono labarin da ke bayan faifan waƙa, tun daga ɗakin da aka ɗauke shi

Akwai wani faifan Ali Farka Touré, makaɗin jita ɗan ƙasar Mali, da na yi shekaru ina jin sa a shagon gyaran rediyon yayana, shi ne yake gwada lasifika da shi in ya gama gyara, kuma wallahi ban taɓa tambayar kaina a ina aka ɗauke shi ba, ni dai na san jitar tana shiga raina kawai. Sai ranar da CD ɗin na asali ya faɗo hannuna, na zaro ɗan littafin da ke cikin kwalin na karanta, ashe wai ba ma a situdiyo aka yi shi ba, a wani tsohon gini ne da aka yi watsi da shi a garinsu Niafunké can ƙasar Mali. Na koma na sake saurara sai na ji kamar ban taɓa jin sa ba. Tun daga ranar nake bin faifai da bincike, kuma ga yadda nake yi, duk mai waya da ɗan data zai iya.

Abu na farko ka nemi bayan kwalin. Ba hoton gaba ba, bayan, inda ake ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. In ba ka da faifan a hannu ka shiga Discogs, shafin intanet na bayanan faifai, ka rubuta sunansa, mutane sun ɗora hotunan bangon gaba da baya har da tambarin da ke tsakiyar faifan garmaho, kuma kyauta ne. Spotify ma yana nuna sunayen waɗanda suka yi aiki a kan waƙa amma nasa a taƙaice yake, sau da yawa ba ya faɗin wurin ɗauka. Abu huɗu za ka tsinto ka rubuta a takarda: a ina aka ɗauka, wace shekara, wane ne furodusa, wane ne injiniyan sauti. Mu a nan mun saba mutum ɗaya ne yake zaune gaban kwamfuta da fiyano, shi ne mai kiɗa shi ne mai ɗaukar murya shi ne mai haɗawa, to a manyan faifan nan aikin a rabe yake. Furodusa shi ke yanke hukunci, wace waƙa za ta shiga, wa za a kira ya buga, a sake ko ya isa haka. Injiniya kuma shi ke kafa makirfo, shi ya san taku nawa zai bari tsakaninsa da ganga, shi ke riƙe da na'ura. Ka riƙe sunan injiniyan nan da kyau, za mu dawo kansa.

Daga nan sai ka tambayi kanka, su wane ne a cikin ɗakin, kuma wa ya kamata a ce yana nan amma babu shi? Wannan tambayar ita ta fi buɗe min labari. Bari in ba ka misali da faifan da aka yi a nan gida Najeriya wanda da yawanmu ba mu ma san da zancen ba, Band on the Run na Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings, 1973. Mutumin ya gaji da Landan, ya ce kamfanin EMI su ba shi jerin situdiyoyinsu na duniya, ya duba ya zaɓi Legas. Ana gab da tafiya mai jitarsu Henry McCullough ya bar ƙungiyar, mai ganga Denny Seiwell shi ma ya ce ba da shi ba, suka rage su uku, Paul da matarsa Linda da Denny Laine, sai injiniya Geoff Emerick wanda ya yi aiki da Paul tun zamanin tsohuwar ƙungiyarsa Beatles. To kaga in ka san wannan, gangar da za ka ji a faifan ta zama wani abu daban a kunnenka, don Paul ne da kansa ya zauna ya buga ta, mutumin da aka sani da jitar bes. Ka saurari bugun, ba ƙawa ba nuna gwaninta, a miƙe yake yana bin waƙar sau da ƙafa, bugun mai rubuta waƙa ne wanda ya san inda murya za ta faɗa.

Kuma zaman nasu na Legas bai zo da sauƙi ba. Wani dare sun fita yawo da ƙafa shi da Linda 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka ƙwace kayansu, ciki har da kaset ɗin gwajin waƙoƙin da rubutattun baitoci, dole sai da ka ya dinga tuno su. Fela Kuti kuma ya fito fili ya zarge shi da cewa satar kiɗan Afirka ya zo yi, har sai da Paul ya kunna masa abin da suka ɗauka ya ji da kunnensa cewa babu kiɗansu a ciki. Ni wannan wurin yana taɓa ni, don Fela ba don wasa ya yi maganar ba, ya san yadda ake kwasar kayan mutane a tafi da su ba ko na gode. Ginger Baker, wani mai ganga ɗan Ingila, shi ma yana da situdiyonsa a Ikeja lokacin, suka je can suka yi aikin waƙa ɗaya.

Sai ka nemi sanin na'urar da aka yi aiki da ita, ko da sama-sama ne, ba sai ka zama injiniya ba. Situdiyon EMI ɗin nan da ke Apapa na'urar tef ɗaya gare shi mai layi takwas. Ma'ana gurbi takwas kacal kake da shi, ganga ta ci nata, bes ɗaya, jita, fiyano, murya, 'yan amshi, kafin ka ankara ya cika, in kana son ƙari sai dai ka tattara layi biyu ko uku ka zuba su a ɗaya, kuma da ka haɗe su shike nan ba sa rabuwa, kamar ka dama fura da nono ne ka ce za ka cire nonon. Yaron da ke da laftof yau a Kano ko Zinder yana iya buɗe layi ɗari bai damu ba, in ya yi kuskure ya danna ya koma baya. Su kuwa kowane mataki sai an yi shawara. Shi ya sa in ka ga shekarar faifai ka tsaya ka tambayi abin da ake da shi a shekarar, sai ka daina cewa ai da sun ƙara kaza.

To amma fa kar ka ɗauki abin da ke bangon kamar yankan wuƙa. Mutane suna cewa faifan Legas, faifan Legas, alhali a Landan aka ƙarasa shi, a situdiyon AIR, waƙar Jet ma gaba ɗayanta a Landan ɗin aka ɗauke ta. Sannan kiɗan taron masu goge da ƙahonin da ya ƙara wa faifan girma Tony Visconti ne ya tsara shi, amma ba a rubuta masa matsayinsa yadda ya kamata ba sai da aka sake fitar da faifan na cikar shekara 25. Ka ga ke nan bugun farko ya rage wa mutum haƙƙinsa. Don haka ka duba bugu fiye da ɗaya, na farko da na baya-bayan nan, galibi waɗanda ake sake fitarwa suna zuwa da dogon bayani da gyaran sunaye.

Yanzu ga wurin da na fi so, wato kwatantawa. Karatu kaɗai ba ya koya wa kunne komai, sai ka ajiye abu biyu gefe da gefe. A 2024 an fitar da Band on the Run na cikar shekara 50 tare da haɗin farko da Emerick ya yi a Oktoban 1973 kafin a ɗora gogen nan da sauran ƙarin, yana nan a intanet. Ka sa iyafis mai kyau, ba lasifikar waya ba don Allah, ka ji waƙa ɗaya a tsohon haɗin sannan nan take ka ji ta a wanda duniya ta sani. Inda ka saba jin kiɗa ya tashi ya cika ko'ina sai ka tarar da fili, mutum uku ne kawai da kayansu. A nan za ka gane da kunnenka me ake nufi da aikin furodusa, ba sai wani ya yi maka dogon turanci ba.

Haka za ka yi da Ali Farka. Ka ɗauki Talking Timbuktu na 1994, wanda ya yi da Ry Cooder, mai jita ɗan Amurka, a Los Angeles ta Amurka har ya ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta can, ka haɗa shi da Niafunké na 1999, wato faifan nan na shagon yayana. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, amma ɗaki biyu. Na Amurka sumul yake, kowane kaya a wurinsa, ga baƙin makaɗa sun shigo da nasu salon. Na gida kuwa, bayan ya ci kyautar nan mutumin ya koma gonarsa ta shinkafa a bakin kogin Kwara, kogin nan dai namu da ya ratsa Yamai ya shigo Najeriya, ba ya son barin noma, sai furodusa Nick Gold na kamfanin World Circuit da injiniya Jerry Boys suka kwashi kayan ɗauka da janareto suka bi shi har can. Duk wanda ya zauna da janareto ya san aikin da ke cikin hana ƙararsa shiga makirfo. Kuma sai ya gama da gona tukuna ake zama ɗauka. Ka kashe fitila da daddare ka saurari ƙwaryar da ake bugawa, ka ji yadda sautinta ke dukan bango ya dawo, ka ji 'yan amshi ba a gyare suke tsaf kamar sojoji ba, mutane ne da suka saba waƙa tare a gari ɗaya, sannan ga ɗan gogen nan mai tsirkiya ɗaya da suke kira njarka, ɗan'uwan kukumarmu. Abin da nake nema in na ce ka ji ɗakin ke nan: bayan an buga abu, sauti yana mutuwa nan take ko yana ɗan jimawa a iska? Muryar tana kusa da kunnenka ne ko tana can tsakiyar mutane? Kana jin ƙarar yatsa a kan tsirkiya, da numfashi kafin baiti? A zaman nan dai aka ɗauki faifan Afel Bocoum mai suna Alkibar, in ka ji su a jere za ka gane ginin ɗaya ne.

Na ce ka riƙe sunan injiniya ko? To danna sunan Jerry Boys a Discogs ka ga inda zai kai ka. Zai kai ka Havana ta ƙasar Kuba, situdiyon EGREM, watan Maris 1996, inda aka ɗauki faifan Buena Vista Social Club cikin kusan mako guda. Kuma a nan ma tambayar nan ta wa ya kamata yana nan amma babu shi ta sake aiki, don asalin shirin makaɗan Mali ne, Bassekou Kouyaté da Djelimady Tounkara, za su je su haɗu da na Kuba, matsalar biza ta hana su isa, sai aka tattaro tsofaffin mawaƙan Kuba aka yi da su, faifan ya zagaye duniya. Wancan shirin na farko sai a 2010 ya fito da sunan AfroCubism. Sunan Jerry Boys ɗin dai zai sake dawo da kai Bamako, otal ɗin Mandé, inda aka kafa kayan ɗauka a wani ɗaki mai kallon kogi aka ɗauki Ali Farka da Toumani Diabaté mai kaɗa kora, wani kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, ba tare da wani dogon gwaji ba, faifan ya fito 2005, shi ma ya ci Grammy, Ali ya rasu a Maris 2006. In ka bi mutum ɗaya haka faifai uku huɗu sai ka fara gane hannunsa, shi mutum ne mai barin ɗaki ya yi magana, ba ya shaƙe kaya da makirfo.

Hirarrakin da ke YouTube suna da amfani sosai amma ka yi hattara, mutum yana ba da labarin abin da ya faru shekara 40 baya, kowa kuma yana ɗan jan ruwa zuwa gonarsa. Ni ƙa'idata in abu bai fito daga baki biyu da suke wurin ba, ko baki ɗaya da takarda, to ina rubuta shi da alamar tambaya a gefe. Injiniyoyi sun fi mawaƙa riƙe bayanin kayan aiki, mawaƙa sun fi riƙe abin da ya faru tsakanin mutane.

Abin da ke ci min rai shi ne in na juyo kan namu. Kaset ɗin manyan makaɗanmu na gargajiya da muka taso da su, hoto ne da suna, shike nan, ba shekara ba wurin ɗauka ba sunan wanda ya riƙe na'ura, wasu a gidan rediyo aka ɗauka wasu a wurin biki wasu a fada, an kwafa an sake kwafa har asalin ya ɓace. Mawaƙan yanzu gara su, suna ambaton situdiyo da mai kiɗa a cikin waƙar, to ka dinga kasa kunne a farkon waƙa da ƙarshenta kana rubutawa. In kuma a unguwarku akwai dattijon da ya yi aiki a gidan rediyo, ko tsohon mai shagon kaset, ko ɗan amshin wani makaɗi, ka je ka gaishe shi ka ce Baba ina da tambaya, ka kunna masa waƙar a waya ka yi masa tambayoyin nan huɗu, a ina, yaushe, wa ya shirya, wa ya ɗauka, ka ƙara da ta biyar ɗin, su wa ke wurin. Ka nemi izininsa ka naɗi amsar da wayarka, ka rubuta ranar da sunan garin a jikin fayil ɗin kafin ka tashi daga wurin.