Yadda ake tatsar sinadarai daga ganyen atishok da makamantansa, da yadda ake gwada ƙarfinsu

Atishok da ɗan'uwansa kardun tsirrai ne na ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, kuma Masar da Italiya da Sifen ne kan gaba wajen noman atishok. Abin da ake ci a jikinsa ƙunshin furen ne kafin ya buɗe. Ganye da kara da saiwa da ɓawon waje, wato wajen kashi 80 cikin 100 na shukar, a gona ko a bayan masana'anta ake jibge su. Alhali a cikin wannan tarkacen ne ake samun kilorojenik asid da sainarin da luteolin, waɗanda ke hana iskar oksijin lalata mai da abinci, kuma suna rage yaɗuwar wasu bakteriya. Akwai kuma sainarofikirin mai ɗaci a ganye, da inulin a saiwa.

Da wuya ka ga atishok a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, amma wannan bai hana ɗalibi a Zariya yin aikin ba. Shuwaka dangi ɗaya suke da atishok, ganyenta na da luteolin da irin sinadaran nan masu ɗaci. Ganyen dankalin Hausa da ake bar wa awaki bayan haƙa yana ɗauke da kilorojenik asid da danginsa. Busasshen ɓawon albasa kuwa kwasetin, wani sinadari dangin luteolin, ne cike da shi. Hanyar aikin ɗaya ce.

Shanya ita ce inda yawancin samfura ke mutuwa tun kafin su isa ɗakin gwaji. Da zarar an yanka ganyen atishok sai ya fara yin baƙi, domin wani inzayim, wato sinadari mai hanzarta sauyi, da ke cikinsa yana haɗa sinadaran da iska ya cinye su. Saboda haka kada a yayyanka ganye a bar shi ya kwana. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a tsane, a baza shi ɗai-ɗai a kan raga a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana kai tsaye tana lalata wani kaso na abin da ake nema. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ganye na bushewa da wuri, sai dai a rufe shi da yadi mai shara-shara saboda ƙura. A tsakiyar damina kuwa shanyar inuwa fumfuna take jawowa, kuma samfurin da ya yi fumfuna zubarwa ake yi, don ita kanta fumfuna tana fitar da sinadaran kashe bakteriya da za su ruɗa sakamako. A lokacin gara obin a digiri 40 zuwa 50. An gama shanya idan ganye ya karye ƙaras a hannu kuma nauyinsa ya daina raguwa. Kafin duk wannan, a tambayi mai lambu yaushe ya yi feshi na ƙarshe.

A daka ko a niƙa, a tankaɗe da rariya mai ido kusan rabin milimita. Injin niƙa kan ɗauki zafi, don haka a riƙa tsayar da shi yana hucewa.

A auna giram 10 na garin, a zuba masa mililita 100 na itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Idan mai 96 ake da shi, a ɗebi mililita 730 a cika da tataccen ruwa zuwa lita ɗaya. Zallar itanol ba ta fi wannan gaurayen janyo sinadaran ba, ruwa zalla kuma yana kwaso sukari da yauƙi, ga saurin tsami. A rufe kwalbar, a naɗe ta da takardar alminiyam, a riƙa girgizawa na awa 24 zuwa 48. A tace da takardar Whatman mai lamba 1, a sake jiƙa tuƙar sau ɗaya, a haɗa ruwan. Sai a ƙafar da shi da na'urar ƙafarwa mai juyawa a digiri 40. Masu ɗora shi kan tafasasshen ruwa don sauri suna samun wani abu baƙi mai danƙo wanda ƙarfinsa ya ragu. A auna abin da ya saura a raba da nauyin garin don sanin kason da aka samu, a ajiye a kwalba mai duhu cikin firji a digiri 4.

Gwajin ƙarfin hana oksijin lalata abu da aka fi yi shi ne na DPPH, wani garin sinadari da launinsa ke koɗewa idan ya haɗu da masu wannan ƙarfi. Ana narka miligiram 3.94 a mililita 100 na metanol, ya ba da ruwa mai launin shunayya. A haɗa shi ranar da za a yi aiki, haske na kashe shi. A shirya tatsattsen sinadarin a matakai biyar ko shida na ƙarfi, a gauraya kowanne da DPPH, a ajiye a duhu minti 30, a karanta a na'urar auna haske a nanomita 517. Gwargwadon yadda shunayyar ta koɗe ta koma rawaya, gwargwadon ƙarfin samfurin. A cire karatun samfur daga na DPPH zalla, a raba da na DPPH zalla, a ninka da 100. Bitamin C ake sawa a gefe don kwatanci. Tarkon da ke nan shi ne launi: samfur mai ja kamar na zoɓo yana shan haske a daidai wurin da ake karantawa, dole a karanta shi shi kaɗai cikin metanol a cire. Gwajin Folin, mai auna jimillar sinadarai irin su kilorojenik asid, da ake karantawa a nanomita 765, shi ma yana da nasa tarkon, don bitamin C da wasu sukari kan ƙara masa lamba.

Gwajin bakteriya ya fi neman kulawa. A narka giram 38 na garin agar na Mueller-Hinton, wato abinci mai daskarewa da ake renon bakteriya a kai, a lita ɗaya ta ruwa, a turara a digiri 121 na minti 15, a zuba mililita 25 a kowane faranti mai faɗin milimita 90 don kaurinsa ya kai milimita 4. Faranti mara kauri yana ƙara faɗi na ƙarya ga da'irar da bakteriya ba ta tsirowa a kewayen samfur. A daidaita ruwan bakteriya da ma'aunin McFarland 0.5, wanda ke nuna yawan bakteriya ta gurɓacewar ruwan, a shafa ko'ina a farantin, a huda ramuka masu faɗin milimita 6. A narka samfurin cikin DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, a ɗiga maikirolita 50 a rami. Don kwatanci, rami ɗaya na DMSO ne kawai, wani wurin kuma a ɗora faifan sifurofulokzasin, maganin asibiti mai kashe bakteriya. A bar faranti kamar awa ɗaya samfur ya ratsa, sannan a sa a inkubeta a digiri 37 na awa 18 zuwa 24. Idan wuta ta ɗauke tsawon dare, a sake gwajin. A auna faɗin da'irar da bakteriya ba ta tsiro ba, kuma kowane gwaji sau uku.

A yi tsammanin Staphylococcus aureus zai fi jin jiki fiye da Escherichia coli, domin E. coli na da ƙarin fata ta waje da ke tare sinadaran. In aka ga da'ira babba a kowane faranti har ta kusa kamo ta maganin asibiti, abin zargi na farko shi ne itanol ɗin da bai gama ƙafewa ba. Ƙaramar da'ira kuma ba ta nufin rashin ƙarfi, wasu sinadaran ba sa tafiya sosai cikin agar, shi ya sa ake bi da gwajin tsarmawa don gano mafi ƙarancin adadin da ke tsayar da bakteriya.

Abin da ya yi aiki a faranti bai zama magani ba tukuna. Inda sakamakon ke da amfani nan kusa shi ne adana abinci: a zuba kaɗan a man gyaɗa ko ƙullun kilishi, a ajiye tare da wanda ba a sa wa komai ba, a riƙa auna lalacewar man mako-mako. Ɗacin ganyen atishok da na shuwaka ne zai ƙayyade yawan da baki zai karɓa. Mai cutar toshewar hanyar matsarmama, da wanda jikinsa ba ya jituwa da tsirran wannan dangi, ba a sa su cikin masu ɗanɗanawa.