Yadda Za Ka Ci Alawar Biki Ba Tare Da Ta Ci Ka Ba

Lokacin biki alawa ba ta sallama kafin ta shigo gida. Baƙi su kawo, a aiko daga maƙwabta, yara su dawo aljihu cike. Wanda ya rantse ba zai taɓa ko ɗaya ba, yawanci kafin rana ta faɗi sai ka gan shi yana ɓoye ledar cakulan. A ganina kokawa da kwaɗayi a ranar biki wahalar banza ce. Abin da ya fi shi ne ka tsara yadda za ka ci tun kafin ranar ta zo.

Mataki na farko: ka san ma'auninka. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha, har da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga baligi, wannan kusan giram 50 ne, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Hukumar ta ƙara da cewa in an iya ragewa zuwa rabin haka, giram 25, ya fi. Cokali ɗaya kusan giram 4 ne, saboda haka in ka duba bayan leda ka ga adadin sukari, ka raba shi gida huɗu, ka san cokali nawa za ka kai baki. Bayan ka yi wannan lissafi sau biyu ko uku ba sai ka ƙara ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Na biyu: kada ka yi sayayya da wuri. Alawar da aka saya saura mako biyu biki, da wuya ta ga bikin. Ka saya ana gobe, daidai yawan waɗanda za a ba, ka kuma ajiye ta a wurin da sai an tashi an buɗe kafin a kai gare ta. Kwanon alawa a tsakiyar falo kiran hannu yake yi.

Na uku: kada ka fuskanci kayan zaƙi da yunwa. Wasu kan ƙi cin abincin safe da na rana wai don su bar wa alawa wuri, alhali cikin da ba komai shi ne ba ya jin magana. Ka ci abinci mai riƙe ciki, kamar ƙwai, wake, kifi ko nama da kayan lambu, ka sha ruwa. Barci ma na da hannu a ciki, don wanda bai samu isasshen barci ba ya fi jin yunwa da sha'awar zaƙi washegari.

Na huɗu, wanda aka fi sakaci da shi: ka ba zaƙi lokacinsa. Ka zaɓi wadda kake so da gaske, biyu ko uku, ka zuba a faranti, ka mayar da ledar, ka zauna ka ci bayan abinci. Dalilin yana bakinka. Duk lokacin da sukari ya taɓa haƙori, ƙwayoyin cutar da ke baki suna juya shi zuwa sinadari mai tsami da ke cin fuskar haƙori na tsawon minti 20 zuwa 30, kafin yawu ya daidaita bakin. Ke nan alawa biyar a zama ɗaya ta fi sauƙi ga haƙori a kan biyar da aka yi ta tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga safe har dare. Mai danƙo da ke liƙewa da mai tauri da ke daɗewa a baki su suka fi ɓarna. Ka kuskure baki da ruwa bayan ka gama, da dare kuma a goge haƙori da man da ke da fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa.

Na biyar: ka lura da abin sha. Gwangwanin lemo mai gas na mililita 330 kan ɗauki kusan giram 35 na sukari, cokali tara ke nan, kuma ba ya ƙosarwa. In za ka ci alawa, ka haɗa ta da ruwa.

Yara kuwa, kada ka ƙwace musu duka, hani ƙara wa abu daraja yake yi. Ku zauna tare ku zube abin da suka samo, su ware waɗanda suka fi so, a yi yarjejeniyar nawa za a ci a rana da kuma yaushe, sauran ya koma hannun babba. Kada a mayar da alawa ladan cinye abinci. Ɗan ƙasa da shekara biyu ba a ba shi ƙarin sukari ko kaɗan, kuma alawa mai tauri na iya shaƙe ƙaramin yaro. Mai ciwon sukari, yaro ko babba, ya tuntuɓi likitansa tun kafin bikin.

In kuma ka wuce gona da iri, kada ka hukunta kanka da zama da yunwa washegari. Ka koma cin abincinka yadda ka saba. Ka sa ranar da ragowar alawa za ta bar gida, misali kwana uku bayan biki, ka rarraba ta a ƙananan ledoji ka bayar.