Yadda ake saita zane a tsakiya kafin a danna shi a kan ƙananan kaya

Idan zane ya goce da rabin santimita a babbar riga, da wuya a lura. A rigar jariri, hankici ko 'yar jakar zif kuwa, shi ido zai fara gani.

Fara da danna kayan shi kaɗai a injin da ke manna zane da zafi na sakan 3 zuwa 5. Danshi zai fita, yadin ya kwanta, kuma auduga takan ɗan tsuke idan ta sha zafi, gara ta tsuke kafin ka auna. Sai ka ninka shi biyu, ɗinkin gefe a kan ɗinkin gefe, ka sake dannawa na sakan 2. Karin da ya fito shi ne layin tsakiya. Kada ka bi takardar da ke ɗinke a wuya, sau da yawa a karkace take.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a wajen zanen. Tsakiyar ledar da ke ɗauke da shi daban, tsakiyar zanen daban. Ka yanke ledar ta bar gefe daidai wa daida, kamar rabin santimita dama da hagu, sannan ka ninka ta ɓangaren da ba ya manne yana ciki, ka matse bakin sama da na ƙasa kawai. Waɗannan alamu biyu su za su hau kan karin. Rubutu mai dogon jela a gefe ɗaya yakan yi kamar ya karkace ko da rula ta ce daidai ne. Ja da baya ka duba, ka matsar da shi kaɗan in ya kama. A rigar jariri, santimita 2.5 zuwa 4 ƙasa da wuya ya isa.

Ɗinki, maɓalli da zif suna ɗaga farantin sama, matsi ya ƙi kaiwa kan zanen, gefensa ya ɓare bayan wanki. Ka cusa matashi mai jure zafi a ƙarƙashin inda zanen zai zauna, kuma ka sa shi tun kafin saiti, don yana jan yadin.

Kafe zanen da salatif mai jure zafi, aƙalla gefe biyu. Na ofis narkewa yake ya bar danƙo. Injin da ke buɗewa kamar baki yana fara taɓa baya, ya tura zanen gaba, saboda haka a sauke shi a hankali. Leda mai mannewa tana son kimanin digiri 150 zuwa 160 a ma'aunin Celsius na sakan 10 zuwa 15, sabilimeshan kuwa, wato zanen da zafi ke ɗaukowa daga takarda ya shigar cikin yadi, digiri 190 zuwa 200, kuma nasa lokacin daban ne. A sabilimeshan, takarda ta motsa lokacin buɗewa sai zanen ya fito da inuwa, kuma ba ta gyaruwa.

In kayan da yawa ne, yanka kwali daidai girmansu, ka huda taga a gurbin zanen. Ɗora, saka, kafe, cire kwalin, danna.