Yadda Za Ka Koyi Sauyawar K, P da T a Harshen Finlan

Wanda ya sauka Finlan ya shiga ajin koyon harshe, tun a makonnin farko za a koya masa faɗin garin da yake zaune. Sunan babban birnin Helsinki, amma sai ya ji malama ta ce asun Helsingissä, wato ina zaune a Helsinki. Ina k ta shiga, daga ina g ta fito? Na kusa da shi mazaunin Turku ne, shi kuma aka ce ya ce Turussa, k ta ɓace ɗungurungum. Na Lahti ya ce Lahdessa. Na Tampere kuwa ya ce Tampereella, babu abin da ya taɓa p ɗinsa. A nan ne da yawa suke fara karaya, su ɗauka harshen ba shi da doka.

Dokar tana nan. Mutanen ƙasar suna kiran abin astevaihtelu, a ajin baƙi kuma an fi cewa KPT, domin baƙaƙe uku kaɗai ya shafa: k, p da t. Kowace kalmar da abin ya shafa tana da fuska biyu, ƙaƙƙarfa, wadda suke kira vahva aste, da rarrauna, heikko aste. Akwai irinsa a harshen Estoniya da harsunan Sami na arewa, dangin Finlanci. Shawarata ita ce kada ka fara da haddar jadawalin da ake rabawa a aji. Ka fara da kunnenka, domin kunnen Bahaushe ya riga ya san rabin aikin.

Mataki na farko: ka iya yanka kalma gaɓa-gaɓa

Faɗi gida, ka saurari kanka. Wasalin ƙarshe dogo ne. Yanzu faɗi gidan Audu. Da n ta zo ta rufe gaɓar, wasalin ya gajarce, ba tare da wani ya koya maka ba. Haka riga da rigar Binta. Hausa ba ta barin dogon wasali a rufaffiyar gaɓa. To Finlanci ma yana kula da buɗewar gaɓa da rufewarta, sai dai shi baƙin da ke farkon gaɓar ne yake jin jiki. Idan gaɓa ta ƙare da wasali, buɗaɗɗiya ce, baƙin yana da ƙarfinsa. Idan ta ƙare da baƙi, rufaffiya ce, sai ya yi rauni.

Ɗauki katu, titi. Ka-tu: gaɓar ƙarshe a buɗe take, t na nan daram. Ƙara masa n ta mallaka: ka-dun. Gaɓa ta rufe, t ta koma d. A kan titi: ka-dul-la. Tituna: ka-dut. Ka lura, su ma n ce ke nuna mallaka, amma a jikin mai abu suke liƙa ta, mu kuwa a jikin abin da aka mallaka. Mu ce sunan titi, su ce kadun nimi.

Ka ɗauki kwana biyu ko uku ba ka yin komai sai wannan yanka. Rubuta kalma, saka karan ɗori tsakanin gaɓoɓinta, ka faɗa da ƙarfi kana tafi a kan kowace gaɓa, kamar yadda aka yi mana a firamare. Ka kuma riƙe cewa baƙin farkon kalma ba ya sauyawa har abada. Wanda ke bakin gaɓar ƙarshe ta tushen kalma ake dubawa. Shi ya sa Tampere ta tsira, p ɗinta tana can tsakiya nesa da ɗafa-ƙeya.

Mataki na biyu: fara da tagwayen baƙaƙe

Kk ta koma k, pp ta koma p, tt ta koma t. Kukka, fure, kukan. Kauppa, kanti, kaupassa, a kanti. Tyttö, yarinya, tytöt, 'yan mata. Wannan kaso shi ne mafi sauƙi kuma mafi yawan amfani, har kalmomin aro ba ya ƙyalewa: pankki, banki, pankissa. In an tambaye ka daga wace nahiya kake, Afrikka za ta zama Afrikasta.

Nan Bahaushe ya fi ɗalibai da yawa gata. Wanda ya tashi yana bambanta baba da babba ba zai sha wahalar jin bambancin kuka, wato wa, da kukka ba. Ka riƙe wannan gata da kyau, domin ma'ana na rataye a kansa. Matto darduma ce, mato tsutsa. Na darduma maton, na tsutsa madon. Kowace ta sauko mataki ɗaya, ba su haɗu ba.

Mataki na uku: masu naso

Nt ta zama nn, lt ta zama ll, rt ta zama rr, mp ta zama mm. Ranta, bakin ruwa, rannalla. Ilta, maraice, illalla, da maraice. Parta, gemu, parran. Kampa, matajin kai, kamman. Wannan naso ne tsantsa, baƙi ya narke cikin na kusa da shi, irin yadda bakin wasunmu ke mayar da rigarsa rigassa. Kada ka haddace su a matsayin dokoki huɗu. Doka ɗaya ce: t ko p ta sallama wa maƙwabciyarta.

Nk da ng ma nan gidansu yake, rubutu ne kawai ke ɓoye zumuncin. Ba a furta g a Helsingissä ko a kengät, takalma, jam'in kenkä. Sautin hancin nan ne da ke ƙarshen nan da can idan ka tsaya a kansu, sai dai a ja shi ya yi tsawo. Na sha jin masu koyo suna buga g ɗin kamar ta hanga. Za a gane ka, amma tunda sautin na bakinka tun kana yaro, me zai sa ka bar shi?

Bayan waɗannan sai t da d, da p da v. Pöytä, tebur, pöydällä. Äiti, uwa, äidin. Leipä, burodi, leivät. Ga hannunka mai sanda: Hausa ba ta raba p da f, kuma mukan mayar da v ta zama b. Idan ka bar bakinka a haka, fuskokin biyu za su cakuɗe. A p leɓɓa biyu ke haɗuwa su rufe gam, babu iska mai fita. A v haƙoran sama ne ke ɗan taɓa leɓen ƙasa, a hankali, har ta ɗan yi kama da w. Ka tsaya gaban madubi da leipä da leivät har su rabu. Ita kuwa d, kada ka yi mamaki in ka fita daga Helsinki ka ji ba a furta ta yadda aka koya maka. A wasu karorin yamma r ake sa wa a wurinta, a gabas kuma sau da yawa ana yar da ita. Kai dai riƙe ta aji, ita ce ta rubutu da labarai.

Mataki na huɗu: k guda ɗaya, inda gizo ke saƙa

Na bar ta a baya da gangan. K tilo takan ɓace gaba ɗaya: jalka, ƙafa, jalan, joki, kogi, joen, Turku, Turun. Wani lokaci takan koma j, wadda su suke furtawa kamar y tamu: kulkea, tafiya, kuljen, järki, hankali, järjen. Idan tana tsakanin u biyu ko y biyu sai ta zama v: puku, kwat, puvun, suku, dangi, suvun, kyky, iyawa, kyvyn. Akwai ma inda ɓacewarta ke tara wasula iri ɗaya har a saka waƙafin sama a raba su: vaaka, ma'auni, vaa'an. Kalmomi biyu da za ka yi ta cin karo da su kullum, poika, yaro, da aika, lokaci, suna zama pojan da ajan. Waɗannan haddace su kawai.

Matsalar k ba a wajen magana ta fi tsanani ba, a wajen karatu ne. Ka ga joen a jarida, ka buɗe ƙamus, babu ita, domin a ƙarƙashin joki take. Don haka ka riƙa yin atisayen a juye. Duk kalmar da ta ƙi bayyana, cire ɗafa-ƙeyarta, ka tambayi kanka: d ce da ta fito daga t? Nn ce da ta fito daga nt? Ko akwai k da ta faɗi tsakanin wasulan nan biyu? Ƙamus ɗin Kielitoimiston sanakirja na cibiyar harsunan ƙasar, Kotus, kyauta yake a intanet, kuma yana nuna yadda kalma ke juyawa. An kasa sauyin kashi 13, daga harafin A zuwa M. A ita ce kk da k, D ɓacewar k, M kuma k da v.

Mataki na biyar: san inda dokar ba ta shiga

Sk, st da tk ba sa motsi: lasku, takardar biyan kuɗi, laskun, posti, gidan waya, postin, matka, tafiya, matkan. Sababbin kalmomin aro da sunaye masu baƙi tilo su ma galibi an ƙyale su, shi ya sa auto, mota, take zama auton, kuma Sokoto za ta zauna Sokotossa yadda take.

Sai wurare biyu da gaɓa ke rufe amma baƙi ya ƙi sauka. Na farko dogon wasali. Kana cikin kanti, kaupassa. Ka fito, kaupasta. Amma za ka shiga, kauppaan. Haka Helsinkiin da Turkuun. Dalili kuwa shi ne a da akwai h tsakanin wasulan, kauppahan, gaɓar pa a buɗe take. H ta tafi, ƙarfin ya zauna. Na biyu ɗafa-ƙeyar da ke nuna nawa, naka, namu: katumme, titinmu. Ka tara jimloli uku a kan kowane wurin da kake zuwa, ina ciki, na fito, zan shiga. Da su za ka ji bambancin a jikinka.

Mataki na shida: aikatau

Kason farko na aikatau, masu ƙarewa da wasali biyu, ƙa'idarsu a fili take. Ni, kai, mu da ku rarrauna. Shi da su ƙaƙƙarfa. Nukkua, barci: nukun, nukut, nukkuu, nukumme, nukutte, nukkuvat. Lukea, karatu: luen, amma lukee. Antaa, bayarwa: annan, amma antaa. Tietää, sani: tiedän. Ka rera su shida a jere kamar karatun allo, rauni, rauni, ƙarfi, rauni, rauni, ƙarfi, amon zai zauna maka.

A korewa da umarni ga mutum ɗaya rarraunar fuska ake ɗauka ko da wa ake magana: en ymmärrä, ban gane ba, hän ei tiedä, bai sani ba, anna, ba da, lue, karanta. Za ka ce ai gaɓar a buɗe take. A rubuce ne kawai. A da akwai baƙi a ƙarshen, ya faɗi amma inuwarsa na nan, shi ya sa anna se ke fita a baki kamar annas se.

Wannan inuwar ce mabuɗin abin da ya fi rikita ɗalibai, kalmomin da ke tafiya a juye, rarrauna a ƙamus, ƙaƙƙarfa idan an juya su. Sade, ruwan sama, sateen. Osoite, adireshi, osoitteen. Hammas, haƙori, hampaat, haƙora. Rakas, masoyi, rakkaan. A aikatau, kaso na uku da na huɗu ne suka fi yin haka, kuma ga kowa ƙaƙƙarfa ce: tavata, haɗuwa, tapaan, tapaat, tapaa, tykätä, so, tykkään, kuunnella, sauraro, kuuntelen, ajatella, tunani, ajattelen. Ba sabuwar doka ba ce. Yanka ham-mas, gaɓar a rufe take tun asali, to dole ta yi rauni. Dogon wasali ya shigo a ham-paat, ƙarfi ya dawo, daidai da abin da ya faru a kauppaan. Ni dai ina ganin kuskure ne a haɗa wa sabon ɗalibi wannan da na farko a mako ɗaya. Ka bari sai nukun da nukkuu sun zauna a bakinka ba tare da tunani ba, sannan ka taɓa tavata.

Mataki na bakwai: yadda za ka riƙa rubuta sababbin kalmomi

Yaron Hausa ba ya koyon dokar da ke mayar da t ta zama c kafin ya iya cewa mota da motoci, ko d ta zama j a gida da gidaje. Tare yake jin su, tare yake riƙe su. Haka za ka yi. Daga yau kada ka rubuta suna shi kaɗai a littafinka. Rubuta shi da siffarsa ta mallaka da kuma wadda suke kira partitiivi, mai nuna wani ɓangare na abu: katu, kadun, katua, sade, sateen, sadetta. Aikatau kuwa da siffar ƙamus, da ta ni, da ta shi: antaa, annan, antaa, tavata, tapaan, tapaa. Ja layi da jan biro ƙarƙashin baƙin da ya sauya.

Sannan ka nemi labaran da gidan rediyo da talabijin na ƙasa, Yle, yake watsawa cikin sauƙaƙƙen Finlanci, waɗanda ake kira Selkouutiset. Gajeru ne, a hankali ake karanta su, kuma akwai rubutunsu a intanet. Ɗauki labari ɗaya kowace rana, ka zagaye duk d, ng, mm, nn, ll da rr da ka gani, ka gwada mayar da kowace gidanta na ƙamus kafin ka duba. Wasu za su zama ba su da alaƙa da sauyin, kamar ll ta ɗafa-ƙeyar lla, ko nn ta onni, sa'a, wadda haka take tun asali. Waɗannan ka yi musu shafi daban a bayan littafin. Wanda ke shirin jarrabawar YKI, wadda ake karɓar mataki na 3 nata a matsayin shaidar iya harshe wajen neman zama ɗan ƙasa, ya ƙara da rubuta gajeren saƙo kullum, jimla biyar kan inda ya je da inda zai je gobe, ya ba wani ɗan ƙasa ya duba masa k, p da t ɗin kaɗai.