Yadda ake zaɓa wa ƙaton kare mai kuzari suna

Ɗan kwikwiyon da kake ɗauka da hannu ɗaya yau, in dai jinsin manyan karnuka ne irin su Great Dane, Mastiff, Boerboel na Afirka ta Kudu ko Kangal na Turkiyya, kafin ya cika shekara biyu zai iya kai kilo 50 zuwa 80, wani ma ya zarce. Kare mai wannan nauyi in ya zabura da gudu, ƙarfin damtsenka ba zai tsayar da shi ba. Muryarka ce za ta juyo da shi, kuma abin da zai fara fita daga bakinka sunansa ne. Saboda haka ka ɗauki sunan nan a matsayin linzami, ka zaɓe shi don kira, ba don burge mutane ba.

Da farko ka ba shi 'yan kwanaki kana lura da shi: launinsa, tafiyarsa, abin da ke ɗauke masa hankali. Amma ka riƙa hango girman da zai yi, domin sunan da ya yi wa kwikwiyo kyau yana iya zama abin kunya a jikin ƙato. Kada kuma jiran ya wuce mako guda, tun da duk ranar da ta wuce ba shi da suna, ranar horo ce ta tafi a banza.

Mataki na biyu shi ne sauti, kuma a ganina nan ne aikin yake. Kare bai san ma'anar Zaki ko Dutse ba, sauti kawai yake kamawa. Ka nemi suna mai gaɓa biyu. Mai gaɓa ɗaya yakan ɓace cikin hayaniya ko ya yi kama da tsawa, mai gaɓa huɗu kuwa kafin ka gama furta shi karen ya riga ya kai titi. Ka fi son wanda ya fara da baƙi mai ƙarfi kamar k, ƙ, t, d, g ko b, ya kuma ƙare da wasali, don wasali ne ake iya ja da murya ya isa nesa. Gwada faɗin Kogi, Tauri, Giwa, Dutse ko Ƙarfe da ƙarfi, za ka ji yadda farkon yake bugawa, ƙarshen yake miƙewa. In zuciyarka ta kwanta da suna mai gaɓa uku kamar Guguwa, wanda ya dace ƙwarai da karen da ba ya zama wuri ɗaya, ba laifi, sai dai ka yanke tun yanzu ko Guguwa za a riƙa kira ko Gugu, a tsaya a kan ɗaya.

Wannan batu na hayaniya ba zato ba ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka sun nuna cewa karnuka na iya tsinto sunansu cikin surutun mutane, ko da baƙuwar murya ce ta kira su, amma da zarar surutun ya fi kiran ƙarfi sai abin ya gagare su. Kare mai kuzari kuwa a cikin hayaniya yake rayuwa: haushinsa, hakinsa, ƙarar motoci, ihun yara.

Na uku, jera kalmomin umarnin da za ka koya masa, wato zo, zauna, tsaya, kwanta, bari, sannan ka ajiye sunan kusa da su ka saurara. Tsawa suna ne mai daɗi ga babban kare, amma a kunnensa ɗan bambanci ne tsakaninsa da "tsaya". Akwai shahararren kare jinsin Saint Bernard mai suna Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814 a tsaunukan Siwizalan, aka ce ya ceci mutum sama da 40 daga cikin ƙanƙara. Sunan na da tarihi, sai dai a bakin mai cewa "bari!" sau goma a yini, rikici kawai zai jawo. Haka za ka gwada sunan da ka zaɓa da sunayen mutanen gida da na maƙwabta da na sauran dabbobinka. Sunan mutum dai gara a bar shi gaba ɗaya, domin ba kowa zai ji daɗin a kwala wa kare kira da sunansa ko na mahaifinsa ba.

Sai batun sunan ban tsoro. Masu manyan karnuka na son suna mai kwarjini, kuma ba yau aka fara ba: wani Great Dane na jihar Michigan ta Amurka da kundin bajintar duniya na Guinness ya sanya a matsayin kare mafi tsayi, santimita 111.8 daga ƙasa zuwa kafaɗa, Zeus aka sa masa, sunan babban abin bautar Girkawan dā. Kwarjini daban, barazana daban. Kare mai kilo 70 ya riga ya isa ya firgita baƙo ko da wutsiya yake kaɗawa. In kuma ya nufo yaro da gudu aka ji mai shi na kiran "Kisa! Kisa!", yaron zai ruga, gudu kuwa shi ne abin da ke ƙara zuga kare ya bi mutum. Likitan dabbobi da duk wanda zai kula maka da shi in ka yi tafiya, su ma sunan ne za su fara ji kafin su san halinsa.

Idan sunaye biyu ko uku suka rage, fita fili ka kira kowanne sau goma, da babbar murya da ƙarama, cikin fara'a da cikin gaggawa. Ka sa yaro mafi ƙanƙanta a gidan shi ma ya gwada. Wanda ya sarƙe harshe ko ka ji nauyin faɗinsa a gaban jama'a, jefar da shi. Daga nan kowa a gidan ya riƙe suna ɗaya.

Koyar da sunan kuwa a wuri mai shiru ake farawa. Faɗe shi sau ɗaya tak. Da ya waigo ya dube ka, nan take ka yaba masa, ka ba shi ɗan abin da yake so ya ci ko abin wasansa. Minti biyu zuwa uku sun isa, a maimaita sau da yawa a yini. In bai waigo ba, kada ka yi ta nanatawa, don karen da ya ji sunansa sau biyar ba abin da ya biyo baya zai koyi cewa kiran ba shi da muhimmanci. Matsa kusa, ka rage abin da ke ɗauke masa hankali, ka sake. Bayan ya kama a cikin gida, fita da shi da doguwar igiya mai mita 5 zuwa 10, ka kira shi yana tsakiyar shinshine-shinshine, daga baya kuma yana tsakiyar gudu. Kada ka kuskura ka kira sunansa don ka dake shi ko ka yi masa faɗa. Karen da ya haɗa sunansa da shan wuya, ranar da ka fi buƙatar ya dawo ita ce ranar da zai ƙara nisa. Manyan jinsuna kuma ba sa nutsuwa da wuri, sukan kai wata 18 zuwa 24 jiki na babba, hankali na kwikwiyo, don haka horon nan ba na mako ɗaya ba ne.

In babban kare ka karɓo da sunan da bai yi maka ba, canza shi ta wannan hanyar, cikin 'yan kwanaki ko makonni zai saba. Da sunan ya zauna, rubuta shi tare da lambar wayarka a jikin abin wuyansa, ka kuma sa a shigar da shi a katin rigakafinsa wurin likitan dabbobi.