Yadda za ka bi diddigin kabarin Nicolas Flamel, ka raba tarihi da almara

Nicolas Flamel marubucin takardu ne kuma mai sayar da littattafai a birnin Paris, ya rasu ranar 22 ga Maris 1418. Amma an shafe ƙarnoni ana cewa ya gano sirrin mayar da zaiba zinariya, ya sha maganin mutuwa, kuma kabarinsa wayam yake. Wannan sana'a ita ce alkimiyya, sunan da Turawa suka ara daga Larabci, tushen kalmarmu ta kimiyya. Idan kana son tantance labarin da kanka, aikin kashi biyu ne, na takarda da na ƙafa. Fara da na takarda.

Raba shafi gida uku: abin da aka ce, shekarar da aka ce ya faru, da shekarar da aka fara rubuta shi. Gida na uku ne ke tona asiri. Abubuwan da ke da shaida tun zamanin mutumin kaɗan ne, amma tabbatattu: ya auri Pernelle, wadda ta yi aure sau biyu mazan suka rasu, ta kuma shigo da dukiya, ta rasu a 1397, ya gina gida a 1407, ya rubuta wasiyya a Nuwamba 1416. Babu maganar zinariyar haɗi a cikinsu. Cikakken labarin alkimiyyar ya fito ne a wani littafi da aka buga a Paris a 1612 da sunansa, shekara 194 bayan rasuwarsa. A nan ne aka ce ya sayi wani tsohon kundi mai warƙa 21, ya tafi Sifaniya neman mai fassara masa, ya dawo ya ci nasara.

Littafin ya ce an fara mayar da zaiba azurfa ranar Litinin 17 ga Janairu 1382. Gwada wannan rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe kalandar waya a ja baya, alhali wayar kan yi lissafi da kalandar Giregori, wadda ba a kafa ba sai 1582. Nemi manhajar da ke nuna ranar mako a kalandar Juliyan, wadda ake amfani da ita a zamanin Flamel, za ka ga ranar Juma'a ce. Akwai tarko na biyu: a Faransa ta wancan lokaci sabuwar shekara daga bikin Ista take farawa, don haka Janairun da suka kira na 1382 zai iya zama na 1383 a lissafinmu. Gwada shi ma, Asabar zai ba ka. Ko ta ina ka ɓullo, Litinin ba ta fitowa. Wannan al'ada ce kuma ta sa za ka ga wasu takardu sun rubuta 1417 a matsayin shekarar rasuwarsa, domin Istar 1418 ta faɗo ne 27 ga Maris, kwana biyar bayan ya cika. Kada ka ɗauka saɓani ne.

Zancen rashin mutuwa ya ma fi wannan makara. Paul Lucas, matafiyin da Sarki Louis na 14 ya aika Gabas, ya buga labarin tafiyarsa a 1712. A ciki ya ce ya haɗu da wani darwishi a Bursa ta ƙasar Turkiyya, wanda ya gaya masa cewa Flamel da matarsa suna raye, ya baro su a Indiya shekara uku da suka wuce, kuma guntun icce aka binne a madadin gawa. Auna isnadin yadda ake auna ruwaya: mutum ɗaya, daga bakin wani da ba a ambaci sunansa ba, shekara 294 bayan jana'iza. A 1761 wani limamin coci, Étienne-François Villain, ya tattara takardun majami'ar da aka binne Flamel, ya nuna cewa gādon Pernelle, sana'ar rubutu da hada-hadar gidaje sun isa su bayyana arzikinsa. Irin waɗannan tsofaffin littattafai ana nemansu a Gallica, rumbun intanet na ɗakin karatun ƙasar Faransa, kyauta. Rubuta sunan da Faransanci, kuma ka lura tsohon bugu yana rubuta "s" doguwa kamar "f".

Sai aikin ƙafa, wanda rabin yini ya isa. Kada ka sa shi ranar Litinin, gidan tarihin Cluny, inda za ka ƙarasa, a rufe yake.

Sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Châtelet, ka nufi hasumiyar Saint-Jacques. A nan majami'ar Saint-Jacques-de-la-Boucherie take, inda aka binne shi. An rushe ta a 1797, a zamanin juyin juya halin Faransa, don haka babu kabarin da za ka tsaya a kai. Hasumiyar kanta an gina ta tsakanin 1509 da 1523, Flamel bai taɓa ganinta ba, kuma mutum-mutumin da ke gindinta na Blaise Pascal ne, masanin lissafi. Kada ka ɗauke shi a matsayin Flamel. Tsallaka titin Rivoli za ka ga titin Nicolas-Flamel ya gitta da na Pernelle. A wannan unguwa gidan da ya zauna yake, inda masu neman ɓoyayyiyar zinariya suka yi ta tone-tone, daga baya aka rushe shi.

Daga nan yi arewa, tafiyar kamar minti goma sha biyar, zuwa lamba 51 a titin Montmorency. Gidan 1407 ke nan, yanzu gidan cin abinci. Bai zauna a ciki ba, ya gina shi ne don saukar talakawa. Ɗaga kai ka karanta rubutun da ke saman ƙofofi: sharaɗi ne cewa mazauna su riƙa yi wa matattu addu'a kullum. Idan da sauran lokaci, ratsa ta maɓuɓɓugar Innocents, wurin tsohuwar maƙabartar da aka binne Pernelle. An rufe ta a 1780, aka kwashe ƙasusuwan zuwa ramukan ƙarƙashin birni daga 1786.

Ƙarasa a Cluny, tsallaken kogin Seine, inda dutsen kabarin yake. Kada ka nemi babban abu, tsayinsa bai kai santimita 60 ba, ana iya wuce shi ba a lura ba. Bayan rushe majami'ar ya ɓace, sai aka tsinto shi a shagon wani mai sayar da ganye yana yanka a kansa. Karanta shi daga sama zuwa ƙasa. A sama akwai siffar Almasihu tsakanin Bitrus mai riƙe da mabuɗi da Bulus mai takobi, ga rana ga wata. Masu almara kan ce rana alamar zinariya ce, wata kuma alamar azurfa, sai dai rana da wata sun cika zane-zanen majami'un wancan zamani. A tsakiya rubutu ne da ke lissafa abin da ya bar wa majami'u da asibitocin Paris, da roƙon a yi wa matattu addu'a. A ƙasa an sassaƙa gawa kwance, ta rame ta fara ruɓewa, tare da rubutu na tsohon Faransanci mai cewa daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma. Flamel da kansa ya tsara dutsen tun yana raye. Haruffan sun ɗan goge, don haka tsaya daga gefe, inda haske ke kwantawa a kan sassaƙar, kafin ka ɗauki hoto.